Dokar Da Odessa Ta Tafa Wa

Odessa Pruitt mace ce mai rufin asiri a layinmu na kudancin Chicago. Tana aiki a ɗakin girkin wani asibiti, mijinta Cleophus kuma direban motar 'yan makaranta ne. Aikin nan shi ne ransa. Ya san yaron da ke amai in an sha kwana, ya san mai ɓoye alewa a cikin safa. Sharaɗin aikin dai ɗaya ne, kada a taɓa jin 'yan sanda sun kama ka. Wannan ko a jikinsa, mutumin da ko ba mota a titi sai ya jira fitila ta ba shi hannu.

Damuwar Odessa ita ce 'yan dabar da ke tsayuwa a bakin shagon kwana. Kuma tana da gaskiya, sun addabe mu. Da aka karanto mana sabuwar doka a taron unguwa, ita ta fi kowa tafi. Dokar ta ce in ɗan sanda ya ga wanda yake zaton ɗan daba ne tsaye da wasu, ba tare da wani dalili da ido ke gani ba, ya kore su duka. Wanda bai watse ba, a kama shi.

Lurleen mai kitso ta ɗaga hannu. "To, idon wa? Kuma in an ce watse, zuwa ina? Tsallaken titi, ko can jihar Mississippi?"

"Sista Lurleen, ki zauna," in ji Odessa. "Mutumin kirki ba ya tsayuwa a titi. Wanda ya ba nasa tarbiyya, ba ruwansa da dokar nan."

Lurleen na da jikoki maza, kowa ya gane inda maganar ta dosa. Ni dai sai da na koma gida na ɗauki waya na baza labarin.

Da sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta binne titi. Mu a nan, in ka sha wahala ka haƙe wurin ajiye mota da shebur, sai ka ɗora tsohuwar kujera a kai, wurin ya zama naka. To, wani marar kunya ya taɓa jefar da kujerar su Odessa ya saka motarsa. Tun daga nan, in Cleophus ya sauke yara da yamma, sai ya tsaya da kansa yana gadin wurin har matarsa ta dawo.

Ran nan yana tsaye, sai ga Dontrell, wani ƙato da Cleophus ya yi ta kai wa makaranta yana yaro. Yanzu ya karkata hula gefe ɗaya irin na 'yan daba.

"Baba Cleo! An yi maka ƙarin girma ne? Daga direba ka koma kujera?"

"Ja'iri, har yanzu kana lasar gilashin mota?"

Suna cikin dariya motar 'yan sanda ta tsaya.

"Me kuke yi a nan?"

"Wurina nake gadi, Yallaɓai," in ji Cleophus.

"Ni ban ga wani dalili ba. Ku watse."

Dontrell ya san kan abin, kafin a rufe baki ya ɓace ta lungu. Cleophus kuwa ya hau matakalar gidansa ya tsaya, a ganinsa ya watse ke nan. Can sai ga wata baƙuwar mota tana cusa hanci a wurin. Ya sauko a guje yana ɗaga shebur. "Kai! Kai! Akwai mai shi!"

Daidai lokacin 'yan sandan suka zagayo.

"Ban ce ka watse ba?"

"Na watse, Yallaɓai. Dawowa na yi."

Odessa ta iso ana danna kan mijinta cikin mota da ankwa a hannu. Ni ina bayan labule, komai a idona aka yi.

A ofishin 'yan sanda ta yi ta buga tebur. "Mijina dattijon coci ne! Ba don irinsa aka yi dokar nan ba!"

"Madam," in ji ɗan sandan da ke bayan teburin, "don irin wa aka yi ta? Ba a rubuta ba."

Alƙali ya kori ƙarar, amma kafin ranar ta zo, kamfanin da Cleophus ke yi wa aiki ya riga ya ba wani direba motar. Daga baya kotun ƙoli ta soke dokar ɗungum, ta ce ba ta fayyace abin da ta hana ba, ta bar komai a hannun ɗan sanda. Aka yi murna, amma ba wanda ya mayar wa Cleophus aikinsa.

Suna nan dai lafiya, Odessa na ci da gida, ranar Lahadi ƙamshin soyayyar kazarta har ƙofata. Sai dai kullum da safe, in motar yaran ta kusa wucewa, Cleophus kan tashi daga bakin taga ya shige can ƙurya, ya ƙara wa rediyo murya.

Jama'a, duk dokar da ba ta faɗi laifin ƙarara ba, ta bar wa ɗan sanda ya zaɓi mai laifi da idonsa, kada ku tafa mata don kuna ganin 'ya'yan wasu za ta kama. Ku yi tambaya tun kafin a sa mata hannu.