Lei Uku Cikin Ɗari

Takardun banki huɗu Pavel ya shimfiɗa a kan tebur, ya ture tuwon masararsa gefe bai ci ko rabi ba. Shekara arba'in da ɗaya matarsa Tudora tana zaune da mutumin nan a garin Caracal, ba ta taɓa ganin ya ci bashin ko allura ba. Irin mutanen nan ne da ke kashe fitila in za su fita ɗaki, ko da kana ciki. Yau ga shi da tabarau a kan hanci, yana gwada katunan bashi, yana neman wanda ya fi mayar wa mutum da wani abu daga kuɗin da ya kashe.

"Wannan na man fetur ne, ba mu da mota," in ji shi. "Wannan na masu yawon otal ne. Wannan kuwa in ka kashe kuɗi lei ɗari, lei uku yake mayarwa a shagon kayan katako da na tufafi."

"Tsufa ya zo maka da gayu ke nan, tsoho? Ko wata ka samu a Craiova?" in ji Tudora.

Bai yi dariya ba, ita ma ba wasa zalla take yi ba. Wata na uku ke nan duk Talata sai ya hau motar haya zuwa birnin Craiova, ya dawo da yamma a gajiye, bai taɓa faɗa mata abin da ke kai shi ba.

Washegari da hantsi tana shanya, ta jiyo shi ta taga yana waya da banki, murya ƙasa-ƙasa.

"Faɗa mini gaskiya, 'yata. In mai katin ya mutu, bashin yana hawa kan wanda ya rage? Inshora ce ke shafe shi duka? To, shi nake so."

Da rana ya kawo mata wata takarda mai ƙananan rubutu, ya ɗora yatsa a ƙasanta. Ta sa hannu kamar yadda ta saba sa wa duk abin da ya miƙo mata. Sai da ya ninke ta ya cusa a aljihu, ya kuma karɓi katin shaidarta, sannan gabanta ya faɗi.

Cikin mako biyu kaya suka fara isowa. Gado na mutum ɗaya, da katifa. Tebur da kujera ɗaya. Kwanuka, tawul dozin biyu, daurin kyandir, da wasu ƙunshin tufafi da bai bari ta taɓa ba. Duk ya zuba su a ɗakin ajiya na bayan gida, ya sa sabon kwaɗo.

Duk macen da ta girma a ƙasar nan ta san kayan. Su ake ba wa wani talaka sadaka in an yi rasuwa, don mamaci ya tarar da gado da tebur a can. Tudora da hannunta ta haɗa na uwarta. Abin da ba ta sani ba shi ne me ya sa ake haɗa su a gidan da ba a mutu ba.

Ta zauna ta jera abin da ta sani. Gidan nata ne, na ubanta ne ta gada. Ba su da ɗa, ba su da jika. Zuciyarta ta daɗe tana ciwo, likita ma ya ce ko mummunan labari na iya kayar da ita, don haka in ta kwanta ba ta tashi ba, babu mai tambaya. Ga shi mutumin da bai san inda tukunya take ba yanzu shi ke dafa mata shayi, shi ke ƙirga mata ƙwayoyin magani a tafin hannu, ya tsaya a kanta yana kallo har ta haɗiye. Abincin da suke ci tare kuwa, sai dai ya jujjuya cokali.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta koma ɓoye ƙwayoyin a ƙarƙashin harshe, shayin kuma tana juye shi a tukunyar fure.

Ranar da maƙwabciya ta ce ta ga Pavel a maƙabarta tare da limamin coci suna auna wuri, Tudora ba ta ƙara jira ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle ita da wutar ta riga ta iso zaninta. Talata na zuwa, yana fita ta ɗauki jaka ɗaya ta hau jirgin ƙasa zuwa Sibiu, gidan wata ƙawarta ta zamanin da take aiki a masaƙa, wadda Pavel bai taɓa sani ba. Pavel ya kira wayarta sau tara tana hanya. A na goma ta kashe ta, ba ta sake kunnawa ba.

Mako bakwai ta yi a ɓoye. Da hankalinta ya dawo, sai haushi ya maye gurbin tsoro. Ta rantse ba zai ci ribar ko kwabo a kan gawarta ba. Ta ɗauki tsohon fasfonta ta nufi reshen bankin da ke bakin kasuwa.

"Akwai katin bashi da mijina ya buɗe da sunana," ta ce wa yarinyar da ke bayan gilashi. "A rufe shi yau."

Yarinyar ta daɗe tana duba na'ura. Sannan ta ɗago, ta sassauta murya.

"Mama, babu kati da sunanki. Na Malam Pavel Stoenescu ne, ke sa hannu kawai kika yi a riƙa tura miki abin da katin ke mayarwa. Akwai lei ɗari biyu da sha huɗu suna jiranki. Bashin kada ya dame ki, an shafe shi tun makon jiya, da takardar rasuwarsa ta iso daga sashen masu ciwon daji na asibitin Craiova."