Ba Zan Tashi Ba

Akwai wani mutum a unguwar Adjamé da ya kamata a ce yana gaban alƙali, amma jiya sai ga shi a sahun gaba a zauren taro na Treichville, ya harɗe ƙafa yana kurɓar zoɓo mai sanyi kamar ubansa ne ya gina wurin.

Taron na karrama Farfesa Sayyadi ne, masanin tattalin arziki, ɗan 'yan kasuwarmu na unguwar babban masallaci. Kowa ya san abin da ya yi. Yana tsakiyar darasi kan yadda manya ke wasa da farashin shinkafa, sai shugabannin jami'a suka shigo da masu gadi, suka ce an haramta darasin, ya tashi ya fita.

Farfesa ya yunƙura kamar zai miƙe, sai ya koma daɓas. Ya cusa hannuwa ƙarƙashin tebur.

"Ba zan tashi ba," in ji shi. "Ko harbe ni za ku yi, a zaune za ku harbe ni."

Ɗalibai suka ɓarke da ihu, wayoyi suka yi sama. Shugabanni suka fice sumui-sumui, darasi ya ci gaba. Ko da aka gama bai motsa ba, sai da zaure ya watse, matarsa Zuhura ta zo da ƙulli a leda. Tun daga ranar ya bar manyan kaya ya koma kwat. Ɗalibai suka ce makokin 'yancin ilimi yake yi.

Ana gobe taro, mutumin nan na Adjamé, Inusa, mai ɗan shago a bayan tashar motocin haya na gbaka, ya faɗo gidan Farfesa ba gayyata, ya tarar da Zuhura.

"Hajiya, na ji za a ba maigida lambar girma. Ni fa?"

"Kai me? Ba ka ji kunya ba, Inusa? Saura ƙiris ka kashe mu da ranmu!"

"Ya ambaci sunana a lasifika, shi ke nan. In bai yi ba, bakina ba shi da marfi, kuma duk Adjamé abokan hirata ne."

Farfesa yana bayan labule yana ji. Sunan da duniya ta ɗaga sama, ga shi a tafin hannun mai surutu.

Ranar taro malamai suka yi addu'a, 'yan boko suka zuba Faransanci har kumfa. Aka kira gwarzo. Ya miƙe a hankali, ya shafa ƙugunsa, ya karɓi lambar. Sannan ya dubi sahun gaba.

"Ina godiya ga Malam Inusa. Wallahi ba don aikinsa ba, da ranar nan na tashi."

Zaure ya ɗauki tafi. Wani shehin malami ya rungume Inusa yana tambaya a wace jami'a ya koyar. Inusa ya ce shi ɗalibansa duk a tsaye suke gane darajarsa. Aka rubuta wannan a jarida.

To, wanda ya ce ƙazafi na yi wa bawan Allah, ga hanyar Adjamé nan: ya je Inusa tela ya ɗinka masa wando da irin ruɓaɓɓiyar zariyar da ta tsinke wa Farfesa, sannan ya miƙe tsaye a gaban ɗalibai mu gani.