Furfurar Wiwi

Tun da aka halatta wiwi don magani, shuka ɗaya hukuma ke ba kowane majinyaci. Sukan ɗaura mata zobe mai fitila, su ɗaura irinsa a hannun mai ciwon. Ranar da fitilar hannun ta mutu, sai a zo a tuge shukar, ko ta nuna ko ba ta nuna ba.

Tamu ta Baba ce, ciwon ƙashi ya kwantar da shi. Da hantsi na tsuguna ina duba furen. Na rage mata ruwa, na tsinke busassun ganye, amma gashin furen har yanzu fari fat.

"Sabitu, ta yi?" Baba ya tambaya daga kan tabarma.

"Da saura, Baba. Sai gashin ya yi ja kamar lalle."

"Kai, ja'iri! Furfura a kanta, ka ce da saura?"

"Ita da furfura take farawa. In na yanke yanzu, ba za ta kwantar da ciwon ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na kalli zoben shukar. Jiya haskensa a tsaye yake, yau ya fara ƙiftawa. Baba ya ja hannun riga ya rufe nasa.

"To, mu jira ta," in ji shi. "Ni ina za ni?"

Na ce to. Da ya juya fuskarsa bango, na ɗauko wuƙa, na yanke reshen da ya fi kusa da yin ja, na rataye shi a inuwa.