Man Alhaji Tanimu

"Motar nan ba ta gusawa sai ka cika min tankin gidana!"

Alhaji Tanimu ya tare Gafaru, direban motar man ɗumama gidaje, a titin Tremont, can ƙasar Turawa. Jiya ya dawo daga Kano, ga guguwar ƙanƙara tafe, ga mai kullum sai tsada.

"Alhaji, ba sunanka a takardata."

"Zuba, na ce!"

Matarsa Balki ta leƙo ta taga. "Alhaji, tsaya ka ji..."

"Rufa min baki! Wata huɗu na bar miki gida, ko ɗigon mai ba ki saya ba!"

Ta ja labule. Gafaru ya jona tiyo a bututun jikin bango, ya ɗura galan ɗari biyu.

Sannan Balki ta fito da jaka a kafaɗa.

"Tun Agusta na mayar da ɗumama gidan kan gas, aka cire tankin. Manka yana malale a ɗakin ƙasa, tare da littattafanka."