Shekarar da Tsohon Ɗan Wasa Ya Dawo Gida

Tunda ka ce ƙanenka ya dawo bayan duk abin da ya faru, kuma ka rasa da wane ido za ka dube shi, zauna in ba ka misalin wani gari da na taɓa zama a cikinsa. Garin yana bakin kogi, yana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa guda ɗaya tak, filinta kuwa yana gangare, inda balbelu ke sauka idan ruwa ya kwanta. Shekara biyu ƙungiyar tana tangal-tangal, saura ƙiris ta faɗa rukunin ƙasa, inda ake shiga a daɗe ba a fito ba. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa wani ɗan garin, wanda ya taɓa yin suna a manyan ƙungiyoyi, yana roƙon a ɗauke shi. Shekarunsa talatin da shida, an yi masa aiki a gwiwar hagu. Kowa ya san ya sha ƙwaya, ya san ya mari alƙalin wasa har aka dakatar da shi shekara biyu, kuma ƙungiyoyi uku sun sallame shi.

Magoya baya suka rabu biyu, wasu bayan wani tela, wasu bayan wani mahauci, waɗanda rumfunansu ke kallon juna a kasuwa. Telan ya taɓa ganin mutumin yana ɗan shekara sha tara, ya yi bugun tazara da la'asar sakaliya. Idan zai ba da labarin sai ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ya lumshe ido, ya ce ƙwallon ta tashi ta tsaya a sama kamar ba ta son saukowa, rana ta yi mata ja, sannan ta karkata a hankali ta kwanta a raga, mai tsaron gida yana tsaye bai ko motsa ba. Duk ranar da ya maimaita, sai tazarar ta ƙara nisa. Shi kuwa mahaucin yana filin ranar da aka yi marin, ya ce har inda yake zaune ya ji ƙararsa, kuma ba zai yarda a ji sunan garinsu a rediyo da irin wannan abin kunya ba. Sati uku ana wannan musu, har masu sayen nama suna manta abin da ya kawo su. Daga ƙarshe shugabannin ƙungiya suka ɗauke shi, don ba su da wani.

Mutumin da ya zo mai furfura ne a gemu, mai tafiya a hankali. Yakan tsaya a tsakiyar fili, ƙwallo ta zo masa, ya taɓa ta sau ɗaya ko biyu, ya tura ta inda babu kowa, sai ka ga ɗan wasansu ya ɓullo a wurin kamar an kira shi. Bai yi bugun tazara ko sau ɗaya ba, ya ce gwiwarsa ba za ta ɗauka ba. In an kayar da shi sai ya tashi ya kakkaɓe wando. Wata rana wani abokin hamayya ya kira shi ɗan ƙwaya a gaban jama'a. Ya dube shi ya ce, "Da can ne, ɗan'uwa," ya koma wurinsa.

Daminar shekarar ta yi kyau. Ciyawar fili ta yi kore shar, iska na kawo ƙanshin kogi, ƙungiya tana cin ɗaya da nema, tana canjaras, tana sake ci. Amma duk lokacin da aka busa bugun tazara, sai telan ya miƙe ya riƙe numfashi, ya ga wani ne zai buga, ya koma ya zauna, sauran wasan kuma idonsa yana kan wata la'asar da ta wuce. Mahaucin kuwa hannuwan mutumin yake kallo, yana jiran su ɗaga, har a ci ƙwallo sai ihun jama'a ne ke gaya masa. Haka suka yi ta komawa gida, ɗaya yana cewa an kawo musu inuwar mutum, ɗayan yana cewa a dai jira sati mai zuwa. Ƙungiya ta ƙare kakar a matsayi na uku, abin da ba ta taɓa yi ba. Ranar wasan ƙarshe mutumin ya cire takalmansa, ya zaga fili yana gaisawa da jama'a, washegari ya koma noman albasa a fadamar mahaifinsa.

Bayan shekaru, wani baƙon ɗan kasuwa ya zauna tsakanin rumfunan nan biyu yana jiran a gama masa ɗinki. Ya ce shi duk yawonsa bai taɓa ganin ƙwallo mai daɗin ta wannan garin a waccan shekarar ba, ya shiga kwatanta yadda tsohon nan ke raba ƙwallo ba tare da ya ɗaga kai ba, ya tambaye su wace rabawa ce ta fi burge su. Tela ya dubi mahauci, mahauci ya dubi tela. Ba wasan da ya wuce su a shekarar, amma aka rasa wanda zai iya tuno ko guda ɗaya. Shi ya sa Hausawa ke cewa, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.