Baba a Kan Dakali

Da aka ba 'yan wasa damar ɗora abin da suka ƙera a na'urar gem ta kowane gida, Sabi'u ya gina tsohuwar unguwarsu, har da marigayi babansu zaune a dakali. Duk gari sai yabonsa ake yi.

Yayansa Ɗanlami ya cije kwana uku bai leƙa ba, sannan ya je ya karɓi hannun sarrafa gem ɗin, ya gaida tsohon.

"Lafiya lau," in ji Baba. "Ina Sabi'u?"

Sau biyar yana gaisarwa, amsar ba ta canza ba. Ɗanlami ya juya wajen Sabi'u.

"Kai, gyara wannan. Ko sunana bai kira ba."

Sabi'u ya sunkuyar da kai. "Yaya, ban ƙara komai ba. Abin da ya saba ce maka na saka."