Buzuzun da Ba Ya Tashi

Ka taɓa tsayawa ka dubi buzuzu da kyau, ko kai ma da ka gan shi baƙi yana tura kashi sai ka ce ai duk ɗaya ne?

Wata mai nazarin ƙwari ce aiki ya kai ta wani ƙauye a ƙarshen damina. A bayan garin akwai tudun jar ƙasa da magina suka daɗe suna kwaɗayinsa don yin tubali. Mai unguwa ya sa aka kai ta wurin, ya ce, "Malama, tun zamanin kakanni ba a sa diga a nan, kuma babu mai iya faɗa mana dalili. Duba mana, in akwai abin bari sai a bari." Ta ɗan tona, ta ciro wani baƙin ƙwaro da bai kai ƙwayar wake ba. Ga rana ta take, ga mota na jiranta. Ta kalle shi a tafin hannu ta ce, "Ranka ya daɗe, buzuzu ne irin na kowane turke." Babban magini ya kwashe da dariya: "Ashe mai tura kashi muke wa gadi!" Ta jefa ƙwaron a kwalba ta tafi.

Sai bayan kaka ta sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ta ɗaga ɓawon bayansa, babu fukafukai. Idanunsa sun shafe, irin na abin da bai taɓa ganin rana ba. Ta jera shi da duk danginsa da aka sani, bai shiga gidan kowa ba. Nan ta gane kuskurenta, don ka ga, ƙwaron da ba ya tashi ba shi da inda zai gudu. Ta koma ƙauyen, ta tarar tudun ya zama rami, tubala jere suna shan rana. Ta durƙusa ta yi ta tono har hannunta ya yi kanta, ko ɗaya ba ta samu ba. Ta raɗa wa na cikin kwalbar suna, amma ba a sake ganin mai amsa sunan ba.

Don Allah, ranar da aka miƙo maka abu aka ce faɗi mana ko mene ne, ka nemi a ba ka lokaci. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.